Yadda Ake Noman Seleri Irin Gado, Daga Ƙwaya Har Zuwa Tara Sabon Iri

Karo na farko da na shuka seleri, wani kayan lambu da ake cin karansa da ganyensa, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Na cika tire da ƙasa, na tona 'yan ramuka da yatsa, na zuba irin, na mayar da ƙasa na rufe kamar yadda na saba yi wa tumatir. Mako uku ina leƙawa safe da yamma, shiru kake ji. Na zargi irin, na zargi wanda ya ba ni shi, ashe laifin nawa ne, don ƙwayar seleri ba a binne ta. A karo na biyu ya fito, ya yi kyau har ina nuna wa baƙi. Sai tafiyar kwana biyar ta kama ni, wanda na bar wa amanar ban ruwa kuma ya sha'afa. Da na dawo na kwarara masa ruwa, ganyen ya miƙe kamar babu abin da ya faru. Sai ranar yanka na tarar da cikin karan fanko, ga zare, ga ɗaci.

Halin seleri ke nan, yana da riƙo. Ƙishin da ya sha yana ƙarami, sanyin da ya buge shi a makon dashe, duk yana ajiye su har ranar girbi ya nuna maka. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa abu ɗaya suke nema: kada shukar ta taɓa tsayawa da girma, ko na kwana biyu ne.

Wace irin shuka ce

Masana suna kiransa Apium graveolens, dangin karas ne da faski. Asalinsa ciyawar fadama ce a ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, inda ƙasa ba ta rabuwa da damshi. Mutane sun daɗe da saninsa, har a kabarin Fir'auna Tutankamun an sami ganyen selerin daji cikin furannin da aka yi wa gawar ado da su. Wannan asali na fadama shi ne ya sa saiwarsa ba ta nutsawa ƙasa sosai, ba ta taɓa buƙatar neman ruwa da nisa ba. Shuka ce kuma mai shekara biyu: a ta farko tana yin kara da ganye, a ta biyu, bayan ta sha sanyi, ta yi fure ta ba da iri ta mutu.

Abin da nake nufi da irin gado shi ne tsohon iri wanda manoma suka yi ta ajiyewa suna miƙa wa na bayansu, ƙwari ne ke haɗa furanninsa, kuma idan ka tara ƙwayarsa ka shuka, 'ya'yan za su fito kamar uwar. Irin haɗi na kamfani, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, ya fi fitowa bai ɗaya, wani lokaci ya fi jure cuta, amma ƙwayar da ka tara daga gare shi ba ta riƙe kama. Irin gado ya fi ƙamshi da ƙarfin ɗanɗano, sai dai ba ya yafe sakaci.

Wanne za ka zaɓa

Tall Utah 52-70 kore ne, dogo, mai kauri, ya fito a Amurka a 1953. Shi nake ba wanda bai taɓa gwadawa ba shawara ya fara da shi, domin ana cinsa da korensa ba sai an rufe karan an hana shi rana don ya yi fari ba. Golden Self-Blanching daga Faransa ya fito a shekarun 1880, karansa yana yin rawaya-rawaya da kansa idan an dasa shi kusa da juna, yana da taushi, yana kuma nuna da wuri, amma ba ya jure sanyi mai tsanani kuma ba ya daɗewa a ajiye. Giant Pascal shi ma asalinsa Faransa ne, ƙato ne, yana ɗaukar lokaci, irin wanda ake shukawa a rami ana tura masa ƙasa. Akwai masu launi, kamar Giant Red da Pink Plume, wanda kamfanin iri na Peter Henderson da ke birnin New York ya fitar a 1894. Jajayen sun fi kowa ƙarfin ɗanɗano da juriyar sanyi.

Idan inda kake zafi ya fi sanyi tsawo, ka fara da selerin ganye, wanda ake kira na Sin. Karansa siriri ne, ƙamshinsa ya fi na mai kauri, kuma ya fi shi haƙuri da zafi nesa ba kusa ba. Renonsu ɗaya ne, don haka abin da ka koya a kansa zai yi maka amfani idan ka koma kan mai kauri.

Lissafin lokaci

Seleri ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Selsiyus. Daga shuka ƙwaya zuwa dashe mako 10 zuwa 12 ne, daga dashe zuwa girbi kuma kwana 85 zuwa 120, gwargwadon irin. Wato wata biyar zuwa kusan bakwai ke nan gaba ɗaya. Ka ɗauki kalanda ka yi lissafi da baya.

A inda ake ƙanƙara, ana shuka ƙwayar a cikin ɗaki mako 10 zuwa 12 kafin ranar da aka saba ganin ƙanƙarar ƙarshe, a dasa bayan dare ya daina yin sanyi sosai. A inda zafi ne matsalar, ana juya lissafin: a yi reno a inuwa a ƙarshen zafi, a dasa da zarar gari ya fara sanyi, yadda watannin girman karan za su faɗa cikin mafi sanyin shekara. Wanda ya makara da wata ɗaya, zafi zai riske shi daidai lokacin da karan ke cika, kuma a nan ne ɗaci ke shiga.

Shuka ƙwayar

A nan yawancin mutane ke faɗuwa, don haka bari mu tsaya a kai sosai.

Ƙwayar seleri ƙanana ce ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da fiye da 2,000. Abin da ka tsinta da yatsu biyu ya ishi lambun gida har ka ba maƙwabta. Abu biyu ne ke hana ta tsirowa, duhu da zafi. Tana buƙatar haske kafin ta farka, kuma idan zafin ƙasa ya haura digiri 25 ya doshi 30, sai ta yi barci ta ƙi motsi ko da ruwa ya wadata.

Kwana ɗaya kafin shuka, jiƙa ƙwayar a ruwa mai ɗumi-ɗumi ta kwana. Akwai sinadarai a ɓawonta da ke jinkirta tsiro, jiƙon yana wanke wasu daga ciki. Da safe ka tace ta a kan ƙyalle, ka bar ta ta ɗan sha iska har ta daina manne wa yatsa.

Nemi tire ko roba mai zurfin santimita 5 zuwa 7, mai huji a ƙasa. Cika shi da ƙasar reno mai laushi wadda aka tankaɗe: ruɓaɓɓen taki da rairayi mai laushi, ko ƙasar reno da ake sayarwa a buhu. Kada ka ɗebo ƙasar lambu kai tsaye, tana ɗauke da irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, kuma ciyawar za ta riga selerin fitowa ta shaƙe shi. Jiƙa ƙasar tun kafin ka zuba iri, ka daddanna samanta da tafin hannu ta yi sumul.

Yanzu barbaɗa ƙwayar a sama, tsilla-tsilla. Idan hannunka yana da nauyi, gauraya ta da cokali ɗaya na busasshen rairayi ka barbaɗa tare. Danna ta da bayan cokali ta kama ƙasa, shi ke nan. Kada ka rufe. In har ka ga dole, to, rairayin da za ka yayyafa kada ya kai ya ɓoye ƙwayar daga ido.

Rufe tiren da farar leda mai nuna ciki ko gilashi don damshi ya zauna, ka ajiye shi inda haske yake amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Rana a kan leda tana dafa iri cikin sa'a guda. Abin da ake so shi ne digiri 20 ko 21 da rana, 15 ko 16 da dare, domin wannan hawa da saukar yana taimaka wa ƙwayar ta farka. Idan ɗakinka yana da zafi, nemi wuri mafi sanyi a gidan, ka ɗora tiren a daɓe, ka kewaye shi da jiƙaƙƙen buhu.

Ban ruwa a wannan mataki da abin feshi ake yi, ko a tsoma gindin tiren a faranti mai ruwa na minti goma ƙasar ta sha daga ƙasa. Buta za ta kwashe ƙwayar ta tara ta a lungu ɗaya. Tunda a sama take, bushewar rabin yini ta isa ta kashe wadda ta fara tsagewa, saboda haka ka duba sau biyu a rana. Kullum ka ɗaga ledar na 'yan mintuna iska ta shiga, ka kakkaɓe raɓar da ta taru.

Sai haƙuri. Kwana 14 zuwa 21 ake yi kafin a ga wani abu, kuma ba sa fitowa tare. Abin da za ka fara gani wani farin zare ne kamar gashi ya lanƙwasa ya soki ƙasa, bayan kwana biyu sai 'yan ganye biyu sirara su buɗe. Da zarar rabinsu sun fito, cire ledar gaba ɗaya, ka matsa da tiren inda haske ya fi ƙarfi. Tsiron da bai sami haske ba yana yin tsawo, ya yi fari, ya kife.

Reno

Watan farko za ka ɗauka sun tsaya cak. Haka suke, seleri malalacin tashi ne. Abin tsoro a wannan lokaci shi ne ruɓewar gindi: ka kwanta sun miƙe, ka tashi ka ga sun zube, gindin ya tsuke kamar an matse da farce. Cunkoso da yawan ruwa da rashin iska ke kawo shi. Ƙasar ta kasance da damshi kamar soson da aka matse, kada ruwa ya kwanta.

Idan sun yi ganyen gaske biyu ko uku, wato masu tsaga-tsaga irin na babba, raba su. Sa tsinke ka ɗago kowanne daga ƙasa, ka riƙe shi ta ganye, domin ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje an gama. Dasa kowanne a ƙaramin kofi ko leda mai faɗin santimita 7 ko 8, daidai zurfin da yake a da. Ɗauki masu ƙarfi, ka zubar da raunana ba tausayi. Daga nan duk mako biyu ka ba su ruwan taki mai rauni, rabin ƙarfin da ake ba babbar shuka.

Ga wani tarko da ya kamata ka sani. Idan ƙaramin seleri ya yi kwana goma ko fiye a sanyin da ya gaza digiri 10 zuwa 12, sai ya ɗauka shekara ta juya, ya yi fure a shekarar farko. Karan fure zai taso daga tsakiya, sauran karan su yi tauri su yi ɗaci, aikin wata biyar ya tashi a banza. Saboda haka seleri ba a sabar masa da waje ta hanyar barinsa cikin sanyi kamar yadda ake yi wa kabeji. Mako guda kafin dashe, ka riƙa fitar da su da rana, sa'a biyu yau, uku gobe, kana ɗan rage ruwa ba tare da sun yi yaushi ba, da dare kuma ka shigar da su idan akwai sanyi. A wuri mai zafi, rana ce za ka sabar musu da ita a hankali, ka fara da ta safe.

Sun isa dashe idan sun yi ganye biyar ko shida, tsawonsu ya kai santimita 10 zuwa 15.

Gyaran ƙasa da dashe

Seleri mai ci ne. Ƙasar da yake so ita ce baƙa, mai taki, mai riƙe ruwa amma ba ta kwantar da shi. Ba banza ba garin Kalamazoo na jihar Mishigan a Amurka ya yi suna da seleri a ƙarni na 19: baƙin haure daga Holan ne suka janye ruwan fadamun wurin, suka yi ta nomansa a baƙar ƙasar da ta bayyana. Irin wannan ƙasa kake ƙoƙarin kwaikwaya a ɗan fangalinka.

Mako biyu ko uku kafin dashe, shimfiɗa ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 8 zuwa 10, ka juya shi da ƙasa zuwa zurfin santimita 25 ko 30. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe ya daina wari. Ma'aunin tsamin ƙasa, pH, ya kasance tsakanin 6 da 7. Ƙasa mai rairayi tana buƙatar taki fiye da haka, kuma gara ka yi fangalin ya ɗan nutsa ƙasa don ya riƙe ruwa. Mai yumɓu kuma a ɗaga ta sama. Kada ka sa shi inda karas ko faski ko wani seleri ya zauna a shekara biyu ko uku da suka wuce, cututtukansu ɗaya ne. Wurin ya sami rana ta sa'a shida, amma a ƙasa mai zafi inuwar la'asar alheri ce gare shi.

Dasa da yamma ko ranar da gari ya lumshe. Tazara santimita 20 zuwa 25 tsakanin shuka da shuka. Kore da ja ana jera su a layi, santimita 45 zuwa 60 tsakanin layuka. Mai yin fari da kansa kuwa, irin su Golden Self-Blanching, a dunƙule ake dasa shi, murabba'i, santimita 23 zuwa 25 ta kowane gefe, yadda za su yi wa juna inuwa. Kada ka binne zuciyar, wato tsakiyar da sabon ganye ke fitowa, ta zauna daidai da fuskar ƙasa. Danna ƙasar gefe, ka ba shi ruwa sosai nan take, ka kare shi daga rana na kwana uku ko huɗu.

Ruwa da taki

Idan ka manta da duk abin da na faɗa, kada ka manta da wannan. Seleri yana buƙatar lita 25 zuwa 50 na ruwa a kowace murabba'in mita a mako, ya fi haka idan ana zafi ko iska. Kuma yawan bai kai daidaiton muhimmanci ba. Lita hamsin rana ɗaya sannan a yi kwana shida ba ko ɗigo, wannan ita ce hanyar samun fanko. Raba shi: kullum ko bayan kwana ɗaya, gwargwadon ƙasarka. Gwajin mai sauƙi ne, soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu, in ba ka ji sanyin damshi ba, ka makara. Zuba ruwan a gindi, da safe, kada ka jiƙa ganye, domin jiƙaƙƙen ganye shi ne ƙofar cuta.

Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 a kewayen shukar, ka bar ɗan fili a gindi. Yana rage ƙafewar ruwa, yana sanyaya ƙasa, yana hana ciyawa. Wadda ta fito duk da haka, da hannu za ka cire ta. Fartanya tana yanke saiwar seleri, tunda a sama-sama take.

Taki kuwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Duk mako biyu ko uku ka ba shi ruwan taki, ko ka barbaɗa ruɓaɓɓen taki a gefe ka bi da ruwa. Ganye ya fara yin fari-fari, alamar yunwar naitirojin ce. Amma kada ka cika hannu da takin zamani, yana jawo wata matsalar da ake kira baƙar zuciya: ƙananan ganyen tsakiya su yi baƙi su ruɓe alhali na waje suna kore shar. Rashin isar kalsiyam zuwa sabon ganye ne ke kawo ta, kuma sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, ruwan da zai ɗauke shi ne ya yanke, ko zafi da yawan taki suka sa shukar ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Maganinta na farko daidaita ban ruwa. Idan kuma ka ga karan yana tsagewa a kwance, tsagar tana yin ruwan ƙasa, ƙarancin sinadarin boron ne a ƙasa, wanda ƙasa mai isasshen ruɓaɓɓen taki ba ta cika fama da shi ba.

'Ya'yan da ke fitowa a gefen gindi, ka riƙa ɓalle su. Suna raba wa uwar abinci, ba kuma za su yi kauri ba.

Cuta da ƙwari

Babbar cutar seleri ita ce ɗigon ganye da fumfunar Septoria ke kawowa: tabo masu ruwan ƙasa, da 'yan baƙaƙen ɗigo a ciki kamar an barbaɗa barkono. A jikin ƙwayar iri take zuwa, abin da ya sa ta shafi mai irin gado kai tsaye, tunda hannu da hannu irin ke yawo. Hanya biyu ake bi. Ko a yi amfani da irin da ya shekara biyu zuwa uku a ajiye, domin fumfunar tana riga ƙwayar mutuwa, ko a tsoma irin a ruwa mai zafin digiri 48 na minti 30, a sanyaya shi a ruwan sanyi, a shanya. Wannan na biyun sai da ma'aunin zafi a hannu. Kintace ba ya yi, zafin in ya wuce kima zai dafa irin. Idan cutar ta bayyana a lambu, tsinke ganyen da ya kamu ka fitar da shi, kada kuma ka shiga cikin shukar tana jiƙe.

Darɓa tana taruwa a ƙarƙashin ganye da cikin zuciya, feshin ruwa mai ƙarfi ko ruwan sabulu mai rauni yana korar ta. Tsutsar cikin ganye tana barin tabo kamar ƙuna, murje ta da yatsa tana ciki ko ka cire ganyen. Dodon koɗi da ɗan'uwansa marar ƙoƙo suna son ɓuya tsakanin kara, musamman bayan an rufe shi, sai ka bi su da fitila da dare.

Rufe kara

Hana wa kara rana yana sa shi ya yi fari, ya yi taushi, ɗacinsa ya ragu. Ba dole ba ne. Koren kara ya fi amfani a jiki kuma ya fi ƙamshi, ni kaina rabin shukata kawai nake rufewa. Amma Giant Pascal da jajayen sun fi daɗi idan an rufe su.

Hanya mai sauƙi: mako biyu zuwa uku kafin girbi, ranar da shukar take a bushe, tattara karan wuri ɗaya ka naɗe su da kwali ko takarda mai kauri, daga ƙasa zuwa inda ganye ya fara, ka ɗaure da igiya sako-sako. Ganyen ya zauna a waje yana shan rana. Kada ka wuce mako uku, karan zai fara lalacewa. Kada kuma ka naɗe duka rana ɗaya, yi huɗu wannan mako, huɗu mako mai zuwa, don kada su nuna maka tare.

Tsohuwar hanyar Ingila ita ce ta rami. Ana haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗin 40, a zuba taki a ƙasansa, a mayar da ƙasa har ya rage kamar santimita 10 ya cika, a dasa a ciki. Idan shukar ta kai santimita 30, a naɗe ta da takarda a fara tura mata ƙasa, sau uku, mako uku-uku tsakani, har sai ganye kawai ke waje. Aiki ne, kuma in ƙasa ta shiga zuciya ruɓa take. Sai wanda ya riga ya saba da shukar.

Wani gargaɗi da ba a cika faɗa ba: ruwan jikin seleri yana da sinadaran da idan suka taɓa fata rana ta bi ta kai, sukan sa ƙuna da borori, musamman daga shukar da ta kamu da cuta. Sa safar hannu da riga mai dogon hannu in za ka yi aiki a cikinsa da rana, ka wanke hannu bayan ka gama.

Girbi

Ba sai ka jira ya gama cika ba. Da karan waje ya kai santimita 20, kana iya yankar ɗaya ko biyu daga kowace shuka, tsakiya tana ci gaba da turo sababbi. Idan gindin ya kai faɗin santimita 7 ko 8 kuma ya matse, ba shi ruwa da yamma, da sassafe ka sa wuƙa ka yanke shi daidai fuskar ƙasa. Wanda ya wuce lokaci cikinsa yana zama kamar soso. Wanke shi, naɗe a ƙyalle mai damshi, ka sa a firji, zai yi mako biyu. Ganyen irin gado ya fi karan ƙamshi, shanya shi a inuwa ka adana don girki.

Tara naka irin

Tun lokacin girbi ake zaɓen iyaye. Zagaya ka sa alama a kan waɗanda suka fi kauri, ba tabo, ba fanko, ka bar su ba ka yanka ba. Wanda ya yi fure a shekarar farko, komai kyan ƙwayarsa kada ka tara, halin gaggawar zai bi 'ya'yansa. Shuka biyar ita ce mafi ƙaranci, in kana son irin ya riƙe ƙarfinsa shekara da shekaru kuwa, ashirin ko fiye.

Sai sun sha sanyi na makonni kafin su yi fure. Inda sanyin yake da sauƙi, bar su a wurinsu ka lulluɓe gindin da ciyawa. Inda ƙasa ke daskarewa, tone su da saiwarsu, rage ganyen ba tare da ka taɓa zuciya ba, ka jera su a akwati mai rairayi mai damshi a wurin da sanyinsa ke tsakanin digiri 1 zuwa 4, ka sake dasawa idan gari ya yi ɗumi, da tazarar santimita 60, domin karan fure yana kai mita ɗaya ya yi rassa. Inda babu sanyin kirki, mai kauri yakan ƙi yin fure sam, selerin ganye ya fi saurin bayarwa.

Furen ƙanana ne, farare, a tattare kamar laima, ƙudaje da ƙudan zuma ne ke haɗa su. Seleri mai kara da na ganye da mai ƙullutu a gindi da na daji duk jinsi ɗaya ne, suna haɗuwa da juna. Ana son tazarar mita 250 zuwa 800 tsakanin iri biyu masu fure a lokaci guda, abin da lambun gida ba shi da shi, don haka iri ɗaya kawai za ka bari ya yi fure a kowace shekara.

Ƙwayar ba ta nuna tare, kuma da ta bushe zubewa take. Duk laimar da ta koma ruwan ƙasa, yanke ta ka jefa a jakar takarda, ka dawo bayan kwana biyu ka yanki na gaba. Bar su mako biyu a inuwa mai iska, murje su tsakanin tafin hannu, ka tankaɗe, ka hura ƙaiƙayin a hankali don ƙwayar ba ta da nauyi. Zuba a kwalba mai murfi, rubuta sunan irin da shekarar, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Tana kai shekara biyar da ranta. Kwalbar bana ka tura ta can baya a ma'ajiya, ta bara waccan ita za ka buɗe idan lokacin shuka ya zo, don fumfunar ta riga ta mutu.